Lissafin yadda ƙwayar halitta ke sanin wurinta a ɗan tayi

Malam, ka yi tambaya kan ta ina za ka fara lissafin saƙon da ke gaya wa ƙwayoyin halitta wurinsu a ɗan tayi.

Fara da ƙudan 'ya'yan itace. Tsawon ƙwansa kusan rabin milimita ne. Saƙon a nan wani furotin ne mai suna Bicoid, yana fitowa daga ɓangaren kai, ya bazu zuwa baya, yana lalacewa a hanya. Lambobi biyu kake buƙata: saurin bazuwa D da saurin lalacewa k. In bazuwar ta daidaita, yawansa yana raguwa kamar e^(−x/λ), inda x shi ne nisa daga kai, λ kuma tsawon da ke nuna nisan bazuwar: λ = √(D/k), kusan maikromita 100 ga Bicoid. Inda yawan ya haura wani mizani, sai ƙwayar gado ta kunnu, ta haka ƙwayar halitta ke sanin wurinta. Masanin halittu Lewis Wolpert ya shimfiɗa wannan tunani a 1969.

Ga inda ake tuntuɓe. Daidaituwar tana cin lokaci kusan 1/k, ɗan tayi kuwa ba ya jira, don haka ka warware lissafin da lokaci a ciki. Sannan D da k mabambanta na iya ba ka λ ɗaya, hoto guda na bazuwar ba zai raba su ba. Nan kam nemi masanin ɗakin gwaji ya auna maka D kai tsaye.