Tambaya da Amsa: Zan Iya Sa Wa Wakena Sniper Don Kada Ya Huje?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni uwar yara huɗu ce daga Haɗeja. Da kakar bana maigida ya saya mana buhu biyu na wake, uku na masara, ɗaya na gyaɗa, don mu ajiye har damina. Bara wakenmu ya huje gaba ɗaya kafin wata huɗu. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa Sniper ko in jefa ƙwayar da ake sa wa hatsi, wai kowa haka yake yi. Ba mu da sito, buhunan suna ɗakin da yara ke kwana. Hankalina bai kwanta ba. Kuma me ya kamata in tanada saboda ambaliya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki aikata. Kada ki sa ko ɗaya daga cikinsu.

Wannan magana ta “kowa haka yake yi” ita ce ta fi ci mini rai a aikin nan. Sniper da fiya-fiya da ake durawa a 'yan kwalabe duk sinadarin dichlorvos ne a cikinsu, guba ce mai taɓa jijiyoyi, ba a yi ta don a zuba a abin da za a ci ba. Saboda samun ta a wakenmu ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma ki shiga kasuwa gobe, za ki same su a tebur kusa da ashana. Na taɓa tsayawa kan wani mai hatsi, ya baje wake a tamfal, ya huda murfin gora yana yayyafawa, yana cuɗawa da hannu tsirara, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Da na yi masa magana sai ya ce ai in an wanke an dafa shi ke nan. Wa ya auna masa? Babu mai ba ki tabbacin wanki da tafasa sun fitar da abin da aka zuba ba awo ba lissafi. Wanda ya sayi kwano ɗaya washegari bai ma san an sa ba, kuma jikin yaro ba ya ɗaukar abin da na babba zai ɗauka.

Ƙwayar kuwa, wato Phostoxin da danginta, a halin da kike ciki ta fi Sniper haɗari. Da ta ji danshin iska sai ta fara sakin iskar gas mai suna fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Wannan iska tana ratsa buhu ta cika ɗaki, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa. Babu makarinta a asibiti, sai dai likita ya yi ta tallafar numfashi da zuciya. Aikin ƙwararru ne, a rufaffen sito da babu mai kwana kusa. Amma yau yaron shago ne zai ƙirga miki ƙwaya uku a takarda, ya ce ki ƙulle a tsumma ki cusa. Ɗakin da yara huɗu ke barci! Mai sayarwa ba zai tambaye ki ina buhun yake ba, kuɗinsa yake so.

Abin da ke ƙara ba ni takaici, babu ma buƙatar gubar. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, yana hayayyafa cikin kusan wata guda, kuma iska yake shaƙa kamar ni da ke. Hana shi iska, zai mutu. Ki nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar bayan aikin bincike da manoman wake a arewacin Kamaru. Ki duba ledojin ko da huda, ki cika, ki matse iska, ki murɗe bakin kowace leda daban ki ɗaure, sannan na waje. In bai samu ba, jarka mai murfi mai kyau ta wadatar, muddin ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. Ki wanke, ta bushe ƙayau, ki cika har wuya kina girgizawa, ki sa leda a baki ki ɗaure murfin. Kada a buɗe kafin wata biyu. Na ci yau da gobe ki ware shi daban.

Sharaɗi ɗaya ne, sai hatsin ya bushe. Ki zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba, ki rufe, ki girgiza, ki bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗa masu danshi suna yin fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A Kenya ta kashe mutum 125 a 2004 ta hanyar masara. Gyaɗar da ta canza launi ko ta yamutse ki tsince ki zubar. Ki ɗora buhuna kan katako, kada su jingina da bango.

Batun ambaliya, mutumin Haɗeja ba sai an koya masa ba, kuma mun ga yadda ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri cikin dare a Satumbar 2024. Jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofa: takardun gida da katin shaida da katin rigakafin yara cikin leda biyu, tocila, ashana, gishirin ORS, maganin duk wanda ke shan magani kullum, gidan sauro, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, da ɗan kuɗi a hannu. Jarkar ruwan sha a gefe, ana sauya ruwan.

Ku kuma 'yan'uwana masu hatsi, ku ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Danshi ke nan da aka ɓoye, ina ga guba?

Hajiya, ki tambayi maigida ko an riga an sa wa buhunan wani abu tun a kasuwa. In kin ji wari, a fitar da su waje yau, a buɗe tagogi. In yaro ya fara amai, dalalar yawu, gumi ko numfashi da ƙyar, kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi amai. A fitar da shi iska, a cire masa kaya, a wuce asibiti da kwalbar ko takardar maganin a hannu.