Amsar tambaya kan ƙwayoyin ƙarfen nikel da zafin injin jirgi

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji tambayarka: an koya muku cewa ƙarfe mai ƙananan ƙwayoyi ya fi ƙarfi, to me ya sa fikafikan tarbain na injin jirgin sama, wato farfelar da iska mai zafi ke juyawa a cikin injin, waɗanda ake yi da ƙarfen nikel, ake zuba su da ƙwaya ɗaya tal? Malaminku bai yi kuskure ba, zancensa na yanayin da zafi bai yi yawa ba ne.

Ka ga, idan narkakken ƙarfe yana daskarewa, ƙwayoyi ne ke tsirowa ta ko'ina har su haɗu, kowace da inda ta fuskanta. Wurin haɗuwar nan shi ne iyaka. A sanyi iyaka alheri ce, tana tare zamewar da ke faruwa a cikin ƙwaya, shi ya sa yawanta ke ƙara ƙarfi. Amma da zafi ya kai wajen digiri 1,000 na ma'aunin Salsiyas, sai labari ya sha bamban. Iyakar ce ke zama wurin rauni. Atam suna bi ta nan da sauƙi, ƙwayoyi suna gogar juna suna zamewa, ƙananan ramuka na buɗewa, su haɗe su zama tsaga. Fiffiken kuma yana juyawa da gudu, ana jan sa waje ba hutu, sai ya riƙa miƙewa a hankali a hankali. Wannan shi ne kirif. Iyakokin da suka gitta hanyar jan nan, su suka fi ɓarna.

To, a shekarun 1960 Frank VerSnyder na kamfanin Pratt & Whitney a Amurka ya fito da dabara: a sanyaya ƙarfen daga ƙasa, a riƙa zare mazubin daga tanderu sannu a hankali. Sai ƙwayoyin su fito dogaye a tsaye kamar damin sanduna, babu iyakar da ta gitta. Daga baya aka sa wata siririyar hanya mai murɗiya a gindin mazubin, ƙwayoyi da yawa su shiga, ɗaya kaɗai ta fita ta cika fiffiken. A farkon shekarun 1980 irin wannan ya shiga jiragen fasinja.

Akwai wata riba da ake yawan mantawa, ni kuwa ita ta fi burge ni. Da can dole a zuba kabon, boron da zakoniyam don ƙarfafa iyakoki, su kuma suna sauke zafin da ƙarfen ke fara narkewa. Tunda babu iyaka, sai aka rage su ƙwarai, aka samu damar gasa ƙarfen da zafi mai yawa, har wani ɓarɓashi na nikel da alminiyam da ke cikin ƙarfen, wanda ake kira gama firam, ya jeru daidai. Yakan kai kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma shi ne ƙashin bayan ƙarfin.

Sai dai kar ka ce ƙwaya ɗaya ta fi a ko'ina. Faifan da fikafikan ke kai bai cika wuce digiri 700 ba, matsalarsa gajiya ce daga kunnawa da kashewa. Nan ƙananan ƙwayoyi ake so. Wasu faifan ma ana gasa su ta yadda tsakiya ƙanana ne, baki inda ya fi zafi manya. Don haka in ya fito a jarrabawa, fara duba zafin da aka ba ka da irin nauyin da ke kan ƙarfen.