Tambaya da Amsa: Damben da ake yi a hokin ƙanƙara

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga wani bidiyo a Facebook na wasan hokin ƙanƙara tsakanin Amurka da Kanada. Ana take wasa sai 'yan wasa suka watsar da sanduna suka kaure da dambe, alƙalan wasa na tsaye suna kallo. Doka ce ta yarda da haka? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, barka kadai. Ina kyautata zaton wasan da aka yi a Montreal ne a watan Fabrairun 2025, inda aka dambata sau uku cikin daƙiƙa tara na farko. A NHL, babbar gasar ƙungiyoyin hoki ta Amurka da Kanada, wadda da dokokinta aka buga wasan, dambe laifi ne, amma hukuncinsa zaman minti biyar a gefen fili. Alƙalai kan bari sai ɗaya ya faɗi ko duk sun gaji, sannan su raba.

Sauƙin hukuncin nan ya haifar da sana'a guda. A da, kusan kowace ƙungiya tana da ƙaton da ta ajiye, ba don iya wasa ba, sai don ya zama dogarin gwaninta. A ƙungiyar Edmonton, wanda duk ya taɓa gwaninta Wayne Gretzky ya san da Dave Semenko zai gamu. Dave Schultz na Philadelphia kuwa ya tara minti 472 na hukunci a kakar 1974-75, har yau ba a kamo shi ba, kuma a shekarar ƙungiyarsa ta ɗauki kofi.

An yi ta ƙara tsaurara hukunci a kan mai tsokanar faɗa, amma ni a ganina ba wannan ne ya karya kasuwar dogarai ba. Rikicin albashi ya cinye kakar 2004-05 ɗungurungum, da aka dawo sai masu gasar suka shiga neman abin da zai dawo da 'yan kallo. Suka halatta dogon fasin da ke tsallake layi biyu daga cikin layukan da suka raba fili, suka sa alƙalai hukunta riƙo da saƙala sanda ba sani ba sabo, suka soke canjaras. Gola ma bai tsira ba: an shata masa iyakar inda zai taɓa faifan da ake bugawa maimakon ƙwallo a bayan raga, dokar da kowa ke dangantawa da Martin Brodeur na New Jersey, wanda ya iya fita ya raba faifai tamkar ɗan baya. Wasa ya koma na masu gudu. Ga shi kuma a kakar 2005-06 an ƙayyade wa kowace ƙungiya dala miliyan 39 na albashi. To wane koci ne zai ɓata gurbi da kuɗi a kan ƙaton da yara ke wucewa kamar yana tsaye?

Sai 2011 ta zo da abin tausayi. Cikin wata huɗu 'yan dambe uku suka mutu: Derek Boogaard, Rick Rypien da Wade Belak. Boogaard shekararsa 28, kuma likitocin da suka binciki ƙwaƙwalwarsa sun tarar da cutar da yawan dukan kai ke jawowa. Tun daga nan na daina yi wa waɗannan bidiyoyi dariya.

Damben bai ƙare ba, kamar yadda ka gani, sai dai yanzu masu yinsa sun iya wasa. 'Yan'uwan nan biyu da suka buɗe faɗan Montreal, Matthew da Brady Tkachuk na Amurka, suna cikin manyan maciya raga a ƙungiyoyinsu. Da a gasar Olamfik suka yi haka, da kora ce daga wasan nan take.