Daga Cape Town zuwa Gqeberha da abokai: amsoshin tambayoyinku kan mota, inshora da masauki

Tambayoyin wannan makon duk sun taru a kan hanya ɗaya, wato hanyar gaɓar tekun kudancin Afirka ta Kudu, wadda ta tashi daga Cape Town ta nufi gabas har birnin Gqeberha, wanda aka sani da Port Elizabeth kafin a sauya masa suna a 2021.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne, abokai tun makarantar sakandare, za mu halarci wani taro a Cape Town, kuma mun ƙara kwana bakwai domin mu bi gaɓar teku. Biyu suna son mu yi hayar mota mu tuƙa da kanmu, ɗaya yana son mu biya kamfanin yawon buɗe ido. Wanne ya fi? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan akwai aƙalla mutum biyu a cikinku da suka ƙware da doguwar tafiya, ku yi hayar mota, domin kuɗin mota ɗaya da mai idan aka raba su huɗu sukan zo ƙasa da kujeru huɗu a motar kamfani, sannan ku ne za ku riƙe lokacinku, ku tsaya salla inda kuka ga dama, ku daɗe a wurin da ya burge ku. Idan kuwa direba ɗaya tak gare ku, na fi son ku biya kamfani, saboda wanda ya wuni riƙe da sitiyari kwana bakwai bai yi hutu ba, aiki ya yi wa sauran.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da hanyar kanta, wanda hotunan intanet ba sa nunawa. Babban titin da ake kira N2 yana haɗa biranen biyu a tazarar kimanin kilomita 750, amma kusan kilomita 390 na farko, daga Cape Town zuwa Mossel Bay, yawancinsu ba a bakin teku suke ba. Ta cikin gonakin alkama da garuruwa irin su Caledon da Swellendam ake ratsawa. Wanda yake son teku tun ranar farko sai ya sauka daga N2 ya hau titin R44 a Gordon's Bay, inda dutse yake hagunsa ruwa kuma yake damansa, ya tsaya a Betty's Bay ya ga tsuntsayen fengwin, ya kwana a Hermanus. Daga nan mai sha'awa yana iya ratsewa zuwa Cape Agulhas, ƙarshen nahiyar Afirka ta kudu, inda aka ɗauka a matsayin iyakar Tekun Atlantika da Tekun Indiya. Yankin da ake kira Garden Route sai an kai Mossel Bay yake farawa, garin da jirgin Bartolomeu Dias na Fotugal ya tsaya a 1488, ya bi ta George, Wilderness, Knysna da Plettenberg Bay zuwa dajin Tsitsikamma. A wannan yankin garuruwan suna kusa da juna, tsakanin Knysna da Plettenberg Bay ma kimanin kilomita 30 ne kawai, saboda haka babu dalilin sauya masauki kowane dare. Ku kama wuri ɗaya ku yi kwana uku, kuna fita da safe kuna dawowa da yamma.

Batun da na fi so ku ɗauka da muhimmanci shi ne hannun tuƙi. A Afirka ta Kudu hagu ake bi, sitiyari yana dama, alhali Najeriya ta bar wannan tsari tun 1972, wato yawancinku ba ku taɓa tuƙi a kansa ba. A kan miƙaƙƙen titi hannu yana sabawa cikin sa'a guda, amma haɗarin yana wurin fitowa daga gidan mai, da shiga shataletale, da karya kwana zuwa dama a titin da babu motoci, domin a nan ne tsohon sabo yake dawowa ba tare da sallama ba. Shi ya sa nake ba ku shawarar ku ƙara kuɗi ku ɗauki mota mai giyar otomatik, ko da mai giyar hannu ta fi araha, don kada sauya giya da hannun hagu ya ƙaru a kan abin da ƙwaƙwalwa take fama da shi. Wanda ya zauna kusa da direba kuma aikinsa ne ya riƙa tuna masa hagu a kowace mahaɗa. Kada ku fara da titin Chapman's Peak da ke kusa da Cape Town a ranar da kuka karɓi mota. Kilomita 9 ne kacal tsakanin Hout Bay da Noordhoek, amma lanƙwasa 114 gare shi a jikin dutse, ana biyan kuɗin wucewa, kuma akan rufe shi idan yanayi ya ɓaci. Game da girman mota, ku auna ta da akwatunanku maimakon yawan kujeru, domin duk jakar da ba ta shiga but ba za ta zauna a fili ne a kan kujera, abin da ba a so a bari a motar da aka faka.

Tambaya: Malam, na ga farashin hayar mota mai rahusa ƙwarai a intanet, amma da na zo biya sai aka jero mini inshora iri-iri har kuɗin ya kusa ninkawa. Dole ne in saya? Kuma lasisina na Nijar zai yi aiki? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Farashin farko da ka gani yakan zo ne da inshora mafi ƙanƙanta, wadda a ƙarƙashinta akwai wani kaso mai nauyi da zai hau kanka idan motar ta samu lahani, ko da kai ne aka goga. Kamfanin zai riƙe kuɗin jingina a katinka tun ranar karɓar mota, kuma yawancinsu katin kiredit suke nema mai ɗauke da sunan babban direba, don haka ka tambaye su a rubuce ko suna karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum kafin ka biya komai. Mutane da dama sun isa kanta da takardar hayar mota a hannu aka hana su mota saboda wannan kaɗai.

Ra'ayina shi ne baƙon da zai yi tuƙi a hannun da bai saba ba ya sayi inshorar da take rage wannan kaso zuwa mafi ƙaranci, ya ƙara da ta taya da gilashin gaba, waɗanda galibi ba sa cikin inshorar asali. Idan ku huɗu ne, ƙarin da kowa zai biya a rana ɗan kaɗan ne, kuma ya fi sauƙi a kan zaman da za a yi daga baya ana muhawarar wanda zai biya kuɗin fenti. Bayan haka ka duba abubuwa uku a cikin yarjejeniyar: ko an ƙayyade kilomita nawa za ka yi a rana, nawa ne kuɗin ajiye mota a wani gari daban idan a Gqeberha ko George za ku hau jirgi, da kuma rajistar direba na biyu. Wannan na ƙarshe kada a yi masa ƙwauro, domin idan wanda ba a rubuta sunansa ba ya tuƙa aka yi haɗari, inshorar tana iya faɗuwa gaba ɗaya. Kafin ka bar harabar kamfanin ka zagaya motar da wayarka ka ɗauki bidiyon kowane ƙarce.

Lasisin da aka rubuta da Turanci mai ɗauke da hoto yana aiki a can, amma naka da Faransanci yake, saboda haka ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun a gida, ka riƙe shi tare da na asali. Kada kuma ka manta da katin rigakafin shawara, wanda ake tambayar masu zuwa daga Nijar da Najeriya a filin jirgi.

Tambaya: Malam, mu biyar ne mata, kuma muna da zaɓi tsakanin Disamba da Satumba. Wane lokaci ya fi, kuma otal za mu kama ko gida? Abinci na halal fa? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Hajiya, ku zaɓi Satumba. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu lokacin zafi ne da hutun makarantu a can, mutanen Johannesburg da Pretoria sukan kwararo gaɓar teku, masauki ya yi tsada, titi ya cika. A Satumba ana fitowa ne daga sanyi, farashi yana ƙasa, kuma lokacin ne manyan kifayen nan da ake kira wel suke matsowa gaɓar Hermanus, inda suke zuwa tsakanin Yuni da Nuwamba. Akwai hanyar ƙafa a saman dutsen garin da ake hango su kyauta, don haka kada ku yi gaggawar biyan kuɗin jirgin ruwa sai kun fara gwada ta. Ku tafi da rigunan sanyi, domin iskar yamma tana da kaifi.

Ga mutum biyar, gidan haya mai kicin ya fi ɗakunan otal uku araha da sutura, kuma shi ne maganin tambayarki ta abinci. A Cape Town halal ba matsala ba ne, birni ne mai tsohuwar al'ummar Musulmi, kuma a unguwar Bo-Kaap ne Masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794. Ku nemi tambarin SANHA ko na MJC, hukumomin da ke tantance halal a can, a jikin nama da ƙofar gidajen abinci. Da kun nausa gabas irin waɗannan wurare suna raguwa a ƙananan garuruwa, shi ya sa ya dace ku sayi akwatin ƙanƙara, ku cika shi da nama daga Cape Town, ku ƙara da kifi sabo a hanya. Yaji da daddawa kuwa a bincika ƙa'idar shigo da kayan abinci kafin a zuba su a akwati.

Game da tsaro, ku tsara tafiyarku yadda za ku isa masauki kafin magariba, ku kulle ƙofofi a danja cikin birni, kuma ku adana lambar 112 a waya. Idan kun ga gwaggon biri a gefen titi ku ɗaga gilashi, ba su abinci laifi ne a dokar can. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tekun kansa, domin wanda ya taso nesa da shi yakan ɗauka ruwan da ya tsaya a gwiwa ba ya cin mutum, alhali akwai igiyar ƙarƙashi mai ja zuwa ciki da ƙarfin gaske. Kada kowa ta shiga sai a inda masu ceto suke, tsakanin tutocin da suka kafa, kuma kada a juya wa ruwa baya a kan duwatsu domin ɗaukar hoto.

Tambaya: Ɗaya daga cikin abokanmu ba shi da ƙarfi kamar sauran, kuma ba ma son ya ji kunya. Yaya za mu yi da kuɗi? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Ku raba kuɗin tafiyar gida biyu tun kafin a sayi tikiti. Kashi na farko na abin da kowa yake amfana da shi ne, wato mota, inshora, mai, kuɗin hanya, masauki da cefane, tare da ɗan ihsanin da ake ba masu zuba mai da masu gadin mota. Wannan a tara shi a asusu ɗaya a hannun ma'aji guda, kuma a auna shi da aljihun wannan abokin naku, ko da hakan na nufin gida mai nisa kaɗan da bakin ruwa. Kashi na biyu na sha'awa ne, kowa da aljihunsa, kamar tsalle da igiya daga gadar Bloukrans mai tsayin mita 216, wanda ƙin yinsa ba ya buƙatar wani uzuri. Ku sanya kuɗin shiga gandun Tsitsikamma a kashi na farko, domin baƙi daga wajen yankin kudancin Afirka suna biyan fiye da 'yan ƙasa, kuma gadar lilo da ke bakin kogin Storms wuri ne da ya kamata ku taka tare. Idan wani a cikinku yana son ya ɗauke masa wani abu, ya zuba ta hannun ma'aji a ɓoye, ma'ajin kuma ya sanar da kowa adadin da ya rage a kowane dare ba tare da ambaton wanda ya ba da nawa ba.