Tambaya da Amsa: 'Yar na'urar talabijin ta USB da ake mayarwa rediyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Sabon Garin Zariya. Wani ɗalibin injiniya daga Samaru ya nuna mini wata 'yar na'ura mai kama da filash, irin wadda ake soka wa kwamfuta don kallon talabijin, ya ce da ita ana iya jin maganar matuƙan jirgin sama, har ma a ga inda jirgi yake a kan taswira. Na sayi mai kama da ita, na soka, ban ga komai ba. Shin maganar tasa gaskiya ce? Idan kuwa gaskiya ce, za ta kama mini tashoshin gajeren zango?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibin nan gaskiya ya faɗa maka, sai dai ba kowace na'urar talabijin ta USB ce ke wannan aiki ba, kuma ina kyautata zaton a nan matsalarka take. Tun da gyara ne sana'arka, buɗe taka ka duba babban aisin (IC, wato ƙwaƙwalwar na'urar) da ke ciki. Idan ka ga an rubuta RTL2832U, na kamfanin Realtek na ƙasar Taiwan, to ka dace. Idan wani ne daban, mafi yawan lokaci ba abin da za ta yi sai aikin talabijin da aka ƙera ta dominsa.

Asalin wannan aisi an yi shi ne don karɓar talabijin na dijital mai tsarin DVB-T, amma masu ƙera shi sun bar masa wata ƙofa: yana iya miƙa wa kwamfuta sigina ɗanye, yadda ya shigo daga eriya, domin manhaja ta fitar da tashoshin FM daga ciki. Eric Fry ne ya fara lura da haka a shekarar 2010. A 2012 kuma Antti Palosaari, wani mai rubuta wa Linux manhajojin na'urorin talabijin, ya nuna cewa ana iya amfani da wannan ƙofa a kama kusan duk abin da ke yawo a iska, sannan masu aikin Osmocom suka fitar da manhajar da ta sauƙaƙa wa kowa. Daga nan aka samu sunan RTL-SDR, inda SDR ke nufin rediyon da manhaja ke sarrafawa.

Ka fi ni sanin cikin rediyon da muka saba da shi. Kowane aiki yana da nasa kayan: akwai sashen da ke zaɓar tasha, akwai mai tacewa, akwai mai zare murya daga sigina, kuma abin da aka gina shi a kai ba ya canzawa, shi ya sa ba kasafai rediyon FM ke kama maganar jirgi ba ko da tana wucewa ta kan eriyarsa. A wannan sabon tsari, na'urar tana yin aiki biyu kacal. Ƙaramin aisi na farko yana sauko da yankin da ka zaɓa, shi kuma RTL2832U yana auna siginar sau miliyoyi a kowace daƙiƙa yana mayar da ita lambobi. Sauran aikin duk na manhaja ne. Rediyon gargajiya dafaffen tuwo yake miƙo maka, wannan kuwa tsaba take ba ka, kwamfuta ce za ta niƙa ta kuma sarrafa ta yadda ka umarce ta, ko AM, ko FM, ko bayanan dijital.

Iyakar abin da za ka kama ya danganta da wancan ƙaramin aisin. Wanda aka fi samu shi ne R820T ko R820T2 na kamfanin Rafael Micro, wanda ke kamawa daga kimanin 24 MHz zuwa 1766 MHz. Tsohon E4000 na Elonics yana hawa har wajen 2200 MHz, amma an daina ƙera shi tuntuni. A lokaci guda kuwa na'urar tana ganin faɗin kimanin 2.4 MHz ba tare da tangarɗa ba, kuma a nan ne daɗin abin yake: a fuskar kwamfuta za ka ga kowace tasha ta tsaya kamar tsini, a ƙasa kuma launuka suna gangarowa suna nuna wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru. Mai gyaran da ya yi shekaru yana laluben sigina da kunne da mita zai gan ta da idonsa.

Akwai wani abin da ke ruɗa masu saye a ƙasar nan. Talabijin na dijital da aka fara ƙaddamarwa a Jos a 2016 tsarin DVB-T2 yake bi, alhali RTL2832U tsohon DVB-T kaɗai ya sani. Saboda haka na'urar da ta dace da aikin rediyo sau da yawa ba za ta nuna maka ko tasha ɗaya ta talabijin ba, wadda kuma aka rubuta wa T2 a kwali tana iya zama ba ta da aisin da ake nema sam. Kada rubutun kwali ya ja ka, sunan aisin za ka tambaya.

Idan aisin naka daidai ne, to saura direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar. Windows da kansa yake ɗora wa na'urar direban talabijin, wanda ba ya barin sigina ɗanye ya wuce. Ana amfani da wata 'yar manhaja mai suna Zadig a maye gurbinsa da WinUSB, kuma a nan ina roƙonka ka natsu ka tabbatar na'urar ce ka zaɓa a jerin, domin wanda ya zaɓi linzamin kwamfutarsa bisa kuskure zai tarar ya daina motsi. Bayan haka sai ka ɗora SDR# ko SDR++, dukansu kyauta ne. Masu Linux suna da GQRX, amma su ma sai sun hana direban talabijin tashi tukuna. Ka fara da FM, tsakanin 87.5 da 108 MHz, ka nemi tashar Jami'ar Ahmadu Bello ko wata da ka san tana da ƙarfi a unguwarku. Idan ta fito tas, kayanka lafiya lau suke.

Game da jirage kuwa, zama a Zariya wata dama ce, domin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da aka kafa a 1964 tana nan cikin gari, kuma ƙananan jiragen horo suna shawagi a samanmu. Maganar matuƙa da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage tana gudana tsakanin 118 da 137 MHz, da tsarin AM, cikin Turanci. Ba kamar gidan rediyo ba ne da ke magana ba tsayawa: jimla ɗaya ce ko biyu, sai shiru, don haka sai ka zuba wa fuskar kwamfuta ido ka ga inda tsini ke tasowa ya ɓace. Za ka fi jin jirgin da ke sama a kan hasumiyar da ke ƙasa, saboda irin wannan sigina a miƙe take tafiya, gini da tudu suna tare ta. Taswirar da ɗalibin ya ambata kuma daga wata sigina daban take, mai suna ADS-B, a 1090 MHz, inda jirgi ke sanar da lambarsa da tsayinsa da gudunsa da wurin da yake. Manhajar dump1090 ce ke karanta ta. Da eriya mai kyau a kan rufi ana iya kama manyan jiragen da suka yi sama sosai daga nisan kilomita 200 ko fiye, wato har waɗanda ke ratsa sararin Kano da Kaduna. Ba kowane ƙaramin jirgi ne ke ɗauke da na'urar aika ADS-B ba, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka ji ƙarar jirgi a kanka amma taswira ba ta nuna shi ba. Shafuka irin su Flightradar24 da FlightAware da irin waɗannan ƙananan na'urori na masu sa kai suke tattara yawancin bayanansu.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. 'Yar eriyar da ke zuwa cikin kwali ba ta da wani amfani sosai, kuma mutane da yawa da suka jefar da na'urar suna cewa jabu ce, eriya ce ta ci amanarsu. Lissafin bai da wuya: raba 75 da adadin MHz, abin da ya fito shi ne tsawon ƙafa ɗaya ta eriya a mita. Don FM a 100 MHz, santimita 75. Don maganar jirage, kusan santimita 60. Don ADS-B, ƙasa kaɗan da santimita 7. Ka yanki wayar tagulla mai kauri gida biyu daidai da wannan awo, ka liƙa ɗaya da dalma a zuciyar wayar dish, ɗayar a ragar da ke kewaye da ita, ka ɗaga ta sama da rufi, a tsaye idan jirage kake nema. Wayar dish ta RG6 da ke cike da kasuwa ta isa, amma a 1090 MHz kowace mita tana cin sigina, don haka ya fi kyau ka gajarta ta, ka tsawaita wayar USB a maimakonta. Idan damina ta kama kuma, ka riƙa cire eriyar da zarar hadari ya haɗu, domin ko tsawar da ta faɗi nesa tana iya ƙona aisin.

Na'urar tana da rauninta. Ma'auninta na bit 8 ne kawai, ma'ana ba ta iya ɗaukar sigina mai ƙarfi ƙwarai da mai rauni ƙwarai a tare. Idan ka ƙure maɓallin ƙara ƙarfi, tashar FM da ke kusa za ta riƙa ɓullowa a wuraren da ba nata ba, ta danne abin da kake nema. Rage shi sannu a hankali har fatalwar ta ɓace. Tana kuma ɗaukar zafi, kuma a zafin bazara irin namu kiristal ɗinta na 28.8 MHz yana ɗan kaucewa, sai ka ga tasha ta gusa daga inda ka bar ta. Inbata da cajar waya mai arha da wasu fitilun sola su ma suna zuba hayaniya a iska. Sau da yawa sauraro ya fi tsabta a lokacin da aka ɗauke wuta, kwamfuta tana kan batirinta.

Batun gajeren zango shi ne inda zan ɗan sanyaya maka gwiwa. Mita 49 tana wajen 6 MHz, mita 31 kusa da 10 MHz, mita 19 wajen 15 MHz, duka ƙasa da 24 MHz inda na'urar ta fara ji. Matsakaicin zango, inda aka san Rediyon Najeriya Kaduna a 594 kHz, ya fi haka ƙasa. Akwai mafita: ko ka haɗa ta da wata na'ura mai ɗaga sigina sama, ko ka sayi wadda aka ƙera musamman don wannan aiki, kamar RTL-SDR Blog V3 ko V4 da ta fito a 2023, waɗanda ke saukowa har kusan 500 kHz, kuma kiristal ɗinsu ba ya kaucewa da zafi. Farashinsu yana wajen dala 30 zuwa 40, kuma jabunsu ya yi yawa a intanet. Amma idan labaran safe da na dare kaɗai kake so, ƙaramin rediyonka mai batir zai biya maka buƙata ba tare da kwamfuta ba, ban ga dalilin kashe kuɗin ba. Amfanin wannan na'ura a wurinka shi ne na aiki da koyo: gwada rimot ɗin mota ko na ƙofa a 433 MHz ka ga ko yana fitar da sigina, gano wace caja ce ke damun rediyon mai kaya, da nuna wa yaran shagonka bambancin AM da FM a zahiri.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada. Ɗana da ke babbar sakandare ya dame ni in saya masa wannan na'ura. Ba mu da kwamfuta. Kuma ina tsoron kada ya riƙa sauraren wayoyin mutane ya jawo mana fitina.

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki game da wayoyi. Kiran salula na dijital ne kuma a kulle yake, abin da yaron zai gani tulin launi ne kawai a fuskar manhaja, ba murya ba. Na'urar kuma ji kawai take yi, ba ta iya aika komai, saboda haka ba zai shiga zancen jirgi ko na jami'an tsaro ba. Duk da haka tsoronki yana da tushe, domin akwai 'yan rediyon hannu da ba a kulle maganarsu. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin maganar mutane ta waya, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ta haramta tare saƙon da ba na jama'a ba. Ki kafa masa sharaɗi tun farko: idan ya ci karo da maganar da ba a yi dominsa ba ya wuce, kada ya naɗa, kada ya yaɗa a WhatsApp, kuma kada ya kuskura ya ɗauki eriya ya nufi shingen filin jirgi ko barikin soja, musamman a halin tsaron da ake ciki.

Rashin kwamfuta ba zai hana shi ba. Wayar Android mai karɓar OTG, wato wadda ake iya soka mata kayan USB, tana iya tuƙa na'urar da manhajar SDR Touch ko SDR++, sai dai batir zai riƙa sauka da sauri. Ni ina goyon bayan ki saya masa, domin abin da yake karantawa a darasin fiziks kan igiyoyi zai riƙa auna shi da hannunsa. Idan ya ƙware a FM da jirage, mataki na gaba shi ne taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton yanayi a 137 MHz, da eriya mai siffar V wadda kowace ƙafarta ke da kimanin santimita 53. Ya lura cewa tsofaffin taurarin NOAA na Amurka da yawancin darussa ke ambata an kashe su a 2025, yanzu na Rasha masu suna Meteor-M ake bi da manhajar SatDump. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma tana aiko da murya, wani lokaci da hotuna, a 145.800 MHz, kuma kowane wucewarta bai wuce kimanin minti goma ba, don haka sai ya duba jadawalinta ya shirya eriyarsa kafin ta ɓullo.