Tambaya da Amsa: Shin Zaman Matakai Goma Sha Biyu Yana Raba Mutum da Shaye-shaye?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan ƙungiyoyin da masu son daina shaye-shaye ke haɗuwa suna taimakon juna, waɗanda ke bin tsarin matakai goma sha biyu, wato jerin ayyukan gyaran kai da mai son dainawa ke bi ɗaya bayan ɗaya. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda suka roƙa.

Ɗana ya shekara shida yana shan giya. Likita ya ce bayan magani ya riƙa zuwa zaman wata ƙungiya ta mashayan da suka daina. Da na bincika sai na ji hira kawai suke yi, ba allura ba ƙwaya. Anya hira za ta raba mutum da giya?
Daga wata uwa

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Shakkarki tana kan hanya, domin likitoci ma sun daɗe suna irinta. Uwar waɗannan ƙungiyoyi ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Mashaya biyu ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio ta Amurka, Bill Wilson da wani likita mai suna Bob Smith, aka kuma buga matakan a 1939. Ba asibiti ba ce, ba ta da rajistar mambobi, ba a biyan kuɗin shiga. Sharaɗinta ɗaya ne: mutum ya kasance yana son daina sha. Rashin rajistar nan ya sa auna amfaninta ya yi wuya shekara da shekaru. Ko a 2006, da cibiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta duba abin da ke ƙasa, cewa ta yi babu hujjar da ta isa a yanke hukunci.

A 2020 ne magana ta sauya. Masana uku, John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri, suka sake tace bincike 27 da ya shafi mutum 10,565. Suka gano cewa cikin kowane mutum 100 da aka bi da su ta wannan hanya, kimanin 42 ba su ɗanɗana giya ba har shekara ta zagayo, alhali a sauran hanyoyin da ƙwararru ke amfani da su, kamar horon sauya tunani da ɗabi'a, adadin ya tsaya wajen 35. A sauran ma'aunai, irin su yawan abin da mutum ke sha idan ya sha, hanyoyin sun yi kusan kunnen doki. Ta fuskar kuɗin jinya kuwa, wannan hanyar ta fi sauƙi.

Amma ki lura da abu biyu. Na farko, 42 cikin 100 na nufin fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar. Duk wanda ya ce miki tsarin ba ya kuskure, ya yi miki ƙarin gishiri. Na biyu, kuma shi ya fi shafar ɗanki: inda aka ga wannan fifikon shi ne inda ma'aikacin lafiya ya zauna da majiyyaci mako-mako, ya haɗa shi da wani ɗan ƙungiyar, ya kuma riƙa tambayarsa ko ya je. Ba a miƙa masa takardar adireshi a ce Allah ya ba da sa'a ba. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a 1981 da mutum 20 ya nuna wannan ƙarara: waɗanda aka ba adireshi da lokaci kawai, ko ɗaya bai je ba, waɗanda aka kira wani ɗan ƙungiya a waya a gabansu, ya yi alkawarin zuwa ya ɗauke su, duk sun je. To ki roƙi likitan ya yi wannan haɗin da kansa.

Me ya sa hirar ke aiki? A ganinmu babban sirrin ba a cikin matakan yake ba, a cikin mutanen yake. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya shekara shida yana sha, kusan duk abokansa mashaya ne, kuma lokacin da ya saba sha yana nan yana jiransa kowane maraice. Zaman ƙungiya yana cinye wannan lokacin, yana ba shi sababbin abokai, yana kuma ba shi lambar wanda zai kira da tsakar dare idan sha'awar ta taso. Bincike ya nuna sauyin abokan hulɗa da ƙaruwar ƙarfin gwiwar cewa a'a a cikin taro su ne kan gaba wajen kawo sauƙin. Likita kuwa, komai ƙwarewarsa, awa ɗaya zai ba ɗanki a mako.

Na je zama sau biyu, ban ji daɗinsa ba. Kowa sai ba da labarin ɓarnar da ya yi. In haƙura ne?
Daga wani magidanci

Malam, zuwa biyu bai isa gwaji ba. Kowane zama da irin halinsa, domin mahalartansa ne ke tafiyar da shi. Wani na ba da labari ne, wani na nazarin mataki ɗaya, wani na sababbin shiga ne, akwai na mata zalla, akwai kuma na intanet. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ka gwada zama shida mabambanta kafin ka yanke hukunci. Zama yakan ɗauki awa ɗaya, kuma ba dole ka yi magana ba. Kana iya faɗin sunanka na farko ka ce saurare ka zo yi.

Za ka ji ana cewa zama 90 cikin kwana 90. Al'adar ƙungiya ce, ba ƙa'idar likita ba, amma hikimarta a fili take: watanni ukun farko su ne mafi hatsarin komawa gidan jiya. In ba za ka iya kullum ba, kada ka gaza sau biyu ko uku a mako da farko, daga baya aƙalla sau ɗaya. Kuma zuwa kawai a zauna a kujerar baya a sulale kafin a tashi ba ya kai mutum ko'ina. Ka zo minti goma kafin a fara, ka taya jera kujeru, ka karɓi lambar mutum uku. Cikin wata ɗaya ka nemi jagora, wato ɗan ƙungiya da ya daɗe da dainawa wanda zai bi matakan da kai ɗaya bayan ɗaya. Ka zaɓi wanda ya kai shekara ɗaya ko fiye bai sha ba, wanda shi ma yake da nasa jagoran. An fi so namiji ya jagoranci namiji, mace ta jagoranci mace, kuma da dalili: ana samun tsofaffin mahalarta da ke fakewa da taimako su nemi sababbin shiga da lalata a lokacin da suke da rauni. Jagoran da ya fara neman rance a wurinka, ko yake son juya maka aurenka da aikinka, ka sauya shi. Ba laifi ba ne.

Mijina yana sha kullum tun daga safe. Ya ce gobe zai yanke gaba ɗaya ya fara zuwa zama. Na ji daɗi, amma da safe hannunsa yakan yi karkarwa sai ya sha take lafawa.
Daga wata matar aure

'Yar'uwa, kada ya yanke a gida shi kaɗai. Wannan karkarwar ta safe alama ce jikinsa ya dogara da giya, kuma yanke ta farat ɗaya yana iya kashe mutum. Alamomin kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe: zufa, tashin zuciya, bugun zuciya, rashin barci. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar da ke zuwa a kwana na biyu zuwa na huɗu, mutum ya rasa inda yake, yana gane-gane, jiki ya yi zafi. Wanda ya taɓa jijjiga a yunƙurin dainawa na baya ya fi kowa hatsari.

Ku fara da asibiti. Likita zai ba shi maganin kwantar da jijiyoyi irin diyazefam na 'yan kwanaki yana rage masa a hankali, da sinadarin tiyamin don kare ƙwaƙwalwa. Yawanci cikin mako guda an wuce wannan gaɓar. Daga nan ne zaman ƙungiya ke da amfani. Ku kuma tambayi likita maganin rage sha'awar giya: naltirezon, miligiram 50 sau ɗaya a rana, ko akamfiroset, wanda akan sha sau uku a rana. Ba sa karo da zuwa zama. Sai dai duk wanda ke taɓa kodin ko tiramadol ya faɗa wa likita gaskiya, domin naltirezon a jikin da ke da irin waɗannan yana tayar da azabar dainawa nan take. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu su.

Ke ma akwai naki zaman. Tun 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya.

Kodin da tiramadol ne matsalata. Likita ya ɗora ni kan bufirenofin, amma a wurin zama wani ya ce ban daina ba tukuna, na sauya ƙwaya da ƙwaya ne. In ajiye maganin?
Daga wani matashi

A'a, ɗan'uwa, kada ka ajiye. A nan ne waɗannan ƙungiyoyi suka fi yin ɓarna idan aka samu mai baki da bai san iyakarsa ba. Ƙungiyar masu ƙwayoyi, Narcotics Anonymous, ta samo asali a 1953 a Kalifoniya, kuma tana taimakon mutane da yawa. Amma hujjar bincike a kanta ba ta kai ƙarfin ta giya ba, kuma alƙaluman 2020 da muka kawo a sama na giya ne kaɗai. Ga dangin kodin, tiramadol da hiroyin, abin da aka tabbatar yana ceton rai shi ne magani: metadon da bufirenofin suna rage hatsarin mutuwa da kusan rabi.

Ga yadda ajalin ke zuwa. Idan ka daina na makonni, juriyar jikinka ga ƙwayar tana faɗuwa. Ranar da ka koma, hannunka zai ɗauki adadin da ka saba, jikinka kuwa ba zai iya ɗauka ba, sai numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonnin farko bayan barin magani, ko bayan fitowa daga gidan gyaran hali ko kurkuku, suka fi kowane lokaci kisa. Tiramadol kuma yana da ƙarin sharri, yawansa na kawo jijjiga. Idan ana samun nalokson inda kake, ka ajiye shi a gida ka koya wa na kusa da kai yadda ake ba da shi. Yana farfaɗo da numfashi cikin mintuna, amma duk da haka sai an garzaya asibiti.

Ita kanta AA ta rubuta wa mambobinta cewa kada wani ya mai da kansa likita. Ka nemi wani zaman da ba a tsangwamar masu shan magani, kuma ba wajibi ba ne ka sanar da taro abin da likita ya rubuta maka.

An ce sai mutum ya yarda ba shi da iko a kan kansa, kuma tushen abin na wani addini ne. Ba zai taɓa min aƙida ba?
Daga wani ɗalibi

Gaskiya ne AA ta tsiro daga wata ƙungiyar Kiristoci mai suna Oxford Group, kuma wasu zaman har yau da addu'ar Kirista suke rufewa. Amma matakan sun bar wa kowa ya dogara ga Ubangiji bisa fahimtarsa, kuma babu mai tilasta maka yin addu'ar da ba taka ba. Musulmi a Baltimore ta Amurka sun kafa Millati Islami a 1989, suka daidaita matakan da koyarwar Musulunci. Wanda kuma ba ya son batun addini sam, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, wadda ke koyar da dabarun danne sha'awa da sauya tunani.

Batun rashin iko kuwa, abin da mataki na farko ke nufi taƙaitacce ne: da zarar ka fara sha ba ka iya tsayar da kanka inda ka yi niyya. Ga wanda ya shekara yana cewa "gobe zan rage", wannan amincewar sauƙi ce. Ga wanda aka daɗe ana wulaƙantawa, musamman matan da suka sha duka ko fyaɗe, kalmar tana iya ƙara karya zuciya. Irin waɗannan sun fi dacewa da ƙwararren mai ba da shawara tare da zaman mata zalla.

Na kai mataki na tara, na neman yafiya. Akwai abin da na yi wanda in na faɗa zai iya kai ni kotu, kuma zai tarwatsa gidan wani.
Daga wani mai karatu

Malam, matakin da kansa ya yi togaciya: ana gyara ɓarna ne sai inda yin hakan zai cutar da wanda aka yi wa laifin ko wasu. Sauke nauyin zuciyarka a kan wanda bai san komai ba ba gyara ba ne. Ka raba jerin sunayen da ka rubuta a mataki na takwas gida uku: waɗanda za ka tunkara yanzu, waɗanda sai ka ƙara ƙarfi, da waɗanda tunkararsu cutarwa ce. Bashin kuɗi ka biya da tsari, ko kaɗan-kaɗan ne, ka rubuta kwanan wata da adadi. Ka kuma sani cewa sirrin zama alkawari ne tsakanin mahalarta, doka ba ta kare shi kamar yadda take kare maganarka da lauya. Abin da ya shafi kotu kada ka faɗe shi a gaban taro, kuma kafin ka faɗa wa jagoranka ma, ka fara ganin lauya.