Takardar shaidar aikin duba iskar cikin gida a Amurka

Malam, ka tambaya wace takarda ake nema kafin mutum ya fara aikin auna lafiyar iskar cikin gine-gine a Amurka. Gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin wannan sana'a, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke tantancewa. Ɗaya daga cikinsu, ACAC (American Council for Accredited Certification), tana ba da shaidar CIE, ta mai duba muhallin cikin gini, ga wanda ya yi shekara 2 yana aikin, CIEC kuwa, wato shaidar ƙwararren mai ba da shawara a fannin, sai mai shekara 8, an haɗa karatu da gogewa. Akwai jarrabawa, kuma duk shekara 2 sai ka sabunta.

Ni dai ban yarda da masu kwas ɗin kwana uku su miƙa maka satifiket ba. Wanda ya koyar da kai bai kamata ya zama alƙalinka ba.

In aikin duba funfuna za ka yi, jihohin Texas, Florida da New York suna da lasisinsu daban.